Kayan Tarihin Ƙasar Katsina a Littattafan Masu Tara Kaya: Sharhi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihi a Batsari ko Safana ya san inda darasi yake cijewa. Da zarar an gama labarin Muhammadu Korau da kafuwar birnin Katsina, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, to kafin nan su wa ke zaune a nan wajenmu?” Tambaya ce mai kyau, domin yaron yana ganin kufai da tsofaffin ganuwa da kwan maƙera a gefen gonakin iyayensa, kuma ya ji dattawa suna ambaton garuruwan da suka tashi a cikin dajin Rugu. Abin mamaki shi ne, a ƙasashen Turai akwai manyan littattafai masu tsada da ke ɗauke da hotunan kayan da aka ce daga ƙasar Katsina suka fito, masu shekaru wajen dubu biyu. Wannan sharhi zai duba irin waɗannan littattafai, ya auna su da ma’auni guda ɗaya: shin suna iya amsa tambayar yaron nan? Za a nuna cewa ba su iyawa, a kawo dalili, sannan a kwatanta su da wasu littattafan da suka bi wata hanya dabam.

2.0 Littattafan da Ake Magana a Kansu

A Turai da Amurka akwai attajirai da sha’awarsu ita ce sayen kayan da, su jera a gidajensu. Akwai dillalai da gidajen gwanjo da ke samo masu kayan, akwai kuma littattafan da ake wallafawa domin su. Biyu daga cikinsu sun fi shahara a kan kayan arewacin Nijeriya. Na farko shi ne The Birth of Art in Black Africa, wato haihuwar fasaha a ƙasashen baƙar fata, na Bernard de Grunne, ɗan ƙasar Beljiyam, masanin tarihin fasaha wanda kuma dillalin irin waɗannan kaya ne. An buga shi a Faris a 1998 domin wani baje koli da wani banki ya ɗauki nauyi a Luksambag. Na biyu shi ne The Nok Culture: Art in Nigeria 2500 Years Ago, wanda Gert Chesi da Gerhard Merzeder suka tsara, aka buga a 2006. Ban da su akwai kundayen gwanjo masu yawa da ke tafiya a kan tsari ɗaya.

Abin da ke cikinsu mutum-mutumi ne na yumɓu da aka gasa a wuta kamar tukwane. Masu kasuwar sun raba kayan gida uku: na Nok, na Sakkwato, da na Katsina. Na Nok su ne aka fi sani, masu idanu kamar kusurwa uku da huji a tsakiya. Na Sakkwato ana gane su da gira mai nauyi da ta rufo ido, sau da yawa da gemu. Waɗanda aka laƙaba wa sunan Katsina kuwa, galibi mutum ne a zaune ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, hannuwa bisa gwiwa, a kan wani abu mai kama da tulu. Yana da kyau malamai su kula kada su haɗa wannan da Katsina-Ala ta Jihar Binuwai, wadda ita ma ana ambaton ta a maganar kayan Nok, amma wuri ne dabam.

3.0 Abin Yabo

Adalci ne a fara da abin da littattafan suka yi daidai. Hotunansu ba su da makusa. An ɗauke su da haske mai kyau, har mutum yana iya ƙirga tsakiyar da ke wuyan siffar, ya ga irin kitso da gyaran gemu da hula da mundaye. Wanda ya san adon mutanen karkara zai tsaya ya daɗe yana kallo. Haka kuma sun taimaka wajen rushe tsohon zancen nan na cewa baƙar fata ba su da wata fasaha sai da baƙi suka zo. Na uku, tun da yawancin kayan suna kulle a gidajen mutane, hoton da ke cikin littafi shi ne kaɗai abin da ɗan Nijeriya zai iya gani, kuma shi ne shaidar da hukuma za ta riƙe in ta tashi neman a dawo da su. Ko ba komai, an san abin da ya fita.

4.0 Aibi na Farko: Babu Wuri

Mai karatu ya duba rubutun da ke ƙarƙashin hoto a irin waɗannan littattafai. Zai ga an rubuta salo, da tsawon abin a santimita, da shekarun da aka ƙiyasta, sai kuma a ce yana hannun wani mai tara kaya a Beljiyam ko Faransa, wani lokaci ma ba a faɗin sunansa. Abin da ba zai gani ba shi ne sunan ƙauye, ko dutse, ko gona, ko gulbi. Ƙasar Katsina daga Jibiya zuwa Funtuwa ba ƙaramar ƙasa ba ce. Cewa abu ya fito daga “Katsina” kamar a tambayi mutum asalinsa ne ya ce “arewa”.

Wannan giɓi ba mantuwa ba ce. Ba a rubuta wurin ba ne saboda an haƙo kayan a ɓoye, kuma dillali ba ya faɗin inda yake samun kaya don kada wani ya riga shi, don kuma kada hukuma ta biyo sawu. A tsakiyar shekarun 1990 an yi wani irin haƙa mai yawa a yankin Nok da kuma kewayen Kwatarkwashi, inda mutane suka bar noma suka shiga tonon ƙasa. Wani masani mai suna Patrick Darling ya rubuta labarin wannan ɓarna a shekarar 2000 a wata mujalla da ke fitowa a Kambirij ta Ingila. Kwatarkwashi ba baƙon wuri ba ne ga mutanen Batsari da Safana. Tana yamma da su, bayan daji, kuma kafin jihadi tana cikin ƙasashen da ke bin Katsina. Ke nan abin da ya faru bai yi nisa da ƙofar gidanmu ba, amma littattafan ba su ba mu hanyar da za mu ce ga abin da ya fito daga gabashin dajin, ga wanda ya fito daga yammacinsa.

Ga masu binciken kufai, wuri shi ne rabin ilimi. Idan aka tarar da siffa a ƙasa, ana duba zurfin da take, da abin da ke kusa da ita: gawayi ne, ko ƙashi, ko dutsen niƙa, ko ƙwayar hatsi da ta ƙone, ko kwan maƙera. Daga nan ake gane ko wurin kabari ne, ko gida, ko maƙera, a kuma gane abin da mutanen suke ci. Mai haƙa don sayarwa yana watsar da duk waɗannan, ya ɗauki kan siffar kawai. An ɗauki kara an bar zangarniya. Abin da ya watse a ranar nan ba ya sake haɗuwa, ko da an dawo da siffar gida bayan shekara ɗari.

5.0 Aibi na Biyu: Sunan Aro

Sunayen Katsina da Sakkwato da aka ɗora wa kayan suna iya ruɗa ɗalibi. Shekarun da littattafan suke ba kayan sun kai wajen dubu biyu, alhali Korau ya yi zamani ne a ƙarni na 15, birnin Sakkwato kuwa ya zama hedikwata ne a farkon ƙarni na 19. Mutanen da suka gina siffofin nan ba su san waɗannan sunaye ba. Idan aka lura, sunayen sun yi daidai da na jihohin da ke akwai lokacin da kayan suka cika kasuwa: an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Zamfara kuwa tana cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1996. Saboda haka abin da aka tono a Kwatarkwashi a 1994, a taswirar wancan lokaci daga Jihar Sakkwato ya fito, a tarihin sarauta kuma daga tsohuwar ƙasar Katsina. Rabon da aka yi rabo ne na kasuwa, ba na bincike ba. Kuskure ne malami ya tsaya gaban aji ya ce akwai wata al’umma da ake kira “mutanen salon Katsina” da ke maƙwabtaka da “mutanen salon Sakkwato”, don kawai littafi ya raba hotuna babi-babi.

6.0 Aibi na Uku: Shekarun Na’ura

Tun da babu wuri, littattafan galibi sun dogara ne ga gwaji ɗaya. Ana huda siffar a ɗebi ɗan gari, a zafafa shi a na’ura, a auna hasken da yake fitarwa, daga nan a ƙiyasta tsawon lokacin da ya wuce tun da yumɓun ya shiga wuta. Gwajin na ilimi ne, amma ƙiyasinsa yana da faɗi, yana iya yin sama ko ƙasa da ɗaruruwan shekaru, musamman in ba a san ƙasar da abin ya kwanta a ciki ba. Ban da haka, gwajin yana faɗin shekarun gurbin da aka huda ne kawai. Masu jabu sun gane wannan tun da daɗewa. Sukan tattara tsofaffin ɓaraguzai daga siffofi dabam-dabam, su haɗa su da danƙo da garin tsohon kasko, su fitar da cikakken mutum da bai taɓa wanzuwa ba. Masu binciken da suka tona wuraren Nok bisa ƙa’ida kusan kullum a farfashe suke samun siffofin. Don haka idan aka ga littafi cike da siffofi lafiyayyu, babu ko tsaga, ya kamata mai hankali ya yi tambaya.

7.0 Aibi na Huɗu: Littafi ko Talla

Babban abin da ya kamata dattawa su sani shi ne aikin da littafin yake yi a kasuwa. Kayan da ba su da asali, da zarar hotonsu ya fito a littafi mai bango mai kauri, sun sami wani irin asali na aro. In an zo gwanjo sai a rubuta cewa an wallafa shi a littafi kaza, shafi kaza, farashi ya tashi. In farashi ya tashi a Faris, labari yana isowa ga dillalan gida, su kuma su tura yara daji da diga da shebur. Mai haƙa yana samun abin da bai taka kara ya karya ba, riba tana can gaba. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Idan kuma marubucin littafin shi kansa yana cikin masu saye da sayarwa, to alƙali ne ke yanke hukunci a shari’ar da yake da rabo a ciki.

Hukumomin duniya sun gane haka. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta sa siffofin Nok da Katsina da Sakkwato a ciki, ta roƙi kowa ya daina sayensu. A wannan shekarar ce aka baje siffofi biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Dokar gida ma ba ta bar ƙofa ba. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wakilin da hukuma ta yarda da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Littattafan masu tara kaya ba su cika tsayawa a kan wannan batu ba.

8.0 Wata Hanya Dabam

Domin kada a ce sharhin nan suka ce kawai, ga misalin yadda ake yin abin daidai, kuma a cikin jiharmu. A Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani akwai tudun kaburburan sarakunan da. H. R. Palmer ya fara tona wurin a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa suka tona uku daga cikin kaburburan. Daga baya aka kai kayan birnin Mainz aka gyara su, aka baje su a 2011, aka dawo da su Nijeriya. Littafin da Detlef Gronenborn ya tsara domin wannan baje koli, mai suna Gold, Slaves and Ivory, wato zinariya da bayi da hauren giwa, shi ma yana da hotuna masu kyau, amma ga bambanci: an faɗi kabarin da kowane abu ya fito, da inda yake a jikin mamacin. An sami kayan ado na zinariya, da mundayen hauren giwa, da wuri, da duwatsun wuya, da wata tasa ta ƙarfe mai rubutun Larabci irin ƙirar Masar da Sham. Saboda an san wurin, an iya cewa kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 ne zuwa na 16, an kuma tabbatar da cewa masu mulkin ƙasar nan suna da hulɗar ciniki da ƙetaren Sahara tun wancan zamani. Da tasar nan a hannun dillali ta faɗa, da yanzu tana wani gida a Turai da sunan “tasar Masar”, ba wanda zai san ta taɓa zuwa ƙasar Katsina.

Haka abin yake a Nok. Masanan Jami’ar Frankfurt ƙarƙashin Peter Breunig sun fara aiki a can a 2005, littafinsu na 2014 ya nuna cewa mutanen Nok sun zauna a wurin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), suna noman gero da wake. Wani bincike na 2021 ya gano alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Gero da wake da zuma: wannan darasi ne da yaron Runka ko Wagini zai fahimta nan take, domin abincin gidansu ne. Babu littafin mai tara kaya da ya taɓa ba mu irin wannan labari, duk da tsadarsa.

9.0 Abin da Ya Rage a Hannunmu

Ba abin da ke ƙarƙashin ƙasa kaɗai masu tara kaya ke nema ba. Yankin Ruma ya kasance bakin daga tsakanin Katsina da Maraɗi a ƙarni na 19, don haka a gidaje da dama na ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina akwai takubba da masu da sulke da likkafa da tsofaffin sirada, ga akussa da tasoshi da tandu da rigunan saƙi, ga kundayen malamai. Dokar 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ke nan takobin kakan kaka yana ciki. Rashin tsaron da ya tashi ƙauyuka da dama a kewayen Rugu a shekarun baya-bayan nan ya ƙara haɗarin, domin mai gudun tsira ba ya tsayawa ɗaukar akushi, wanda yunwa ta kama kuma ba ya jayayya da farashi.

Takobi a hannun jikan mai shi yana da suna, da yaƙin da ya je, da maƙerin da ya ƙera shi. Ranar da ya shiga buhun dillali, sai ya koma “takobin Hausa, ƙarni na 19”, kamar yadda siffofin nan suka koma “salon Katsina”. Maganin wannan bai fi ƙarfinmu ba. Kowace makaranta tana iya buɗe littafi guda na kayan gado. Malami ya tura ɗalibai wurin dattawan unguwa, da izinin masu gida, su rubuta sunan abu, da wanda ya fara mallakarsa, da garin da aka yi shi, da hannuwan da ya bi, a ɗauki hotonsa da waya, a bar wa mai abu abinsa. Kada a yaɗa inda kaya suke, don gudun ɓarayi. A ajiye kwafe ɗaya wurin hakimi. Wanda kuma garmarsa ta turo wani abu a gona, kada ya fasa shi don an ce gunki ne, kada kuma ya ci gaba da tono. Adana shaidar mutanen da suka shuɗe ba bauta masu ba ce, izina ce da ilimi. Ya rufe wurin, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai magana ga ƙaramar hukuma da gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina.

10.0 Kammalawa

An duba littattafan masu tara kaya, an yaba hotunansu, an kuma nuna cewa ba su faɗin wuri, sunayensu na aro ne, shekarunsu ƙiyasi ne mai rauni, kuma suna ciyar da kasuwar da ke rusa kufanmu. Malami yana iya nuna wa ɗalibai hotunan in sun zo hannunsa, amma ya gaya masu yadda kayan suka fita da abin da aka yi asara. In ana neman littafin da za a gina darasi a kansa, a nemi irin na Durɓi ta Kusheyi, a haɗa da The Transformation of Katsina na marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda aka buga a Zariya a 1981, wanda marubucinsa ya bi garuruwa ya zauna da dattawa kafin ya rubuta. Amsar tambayar yaron nan tana nan a kufan Batsari da Safana da kuma bakin tsofaffinmu, muddin ba mu bari an tone na farko an sayar ba, na biyu kuma ya tafi ba a rubuta ba. Allah ya ba mu zaman lafiyar da za mu yi wannan aiki.